Busasshen Tsumma

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya haɗiye tsohon garinsu, Marka ta koyi rowar ruwa, ita da ta tashi a bakin gulbi. An kwashe su an zube a kan wani tudun tsakuwa kusa da Maradun, inda ko rijiya aka soma haƙa sai dutse ya tare. Daga ƙofar gida kana hango ruwan dam shimfiɗe yana ƙyalli, amma kafin tulu ɗaya ya iso randa wuya ya sage. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Cikin wannan hali 'yarta Suwaiba ta zo goyon ciki, haihuwar fari, ta kuma sauka lafiya a tsakiyar bazara. Namiji ne, ɗan mitsitsi mai yawan suma. Marka ta binne mahaifa a bayan ɗaki, da ƙyar fartanya ta ci ƙasar, tana tuna cewa na 'ya'yanta duka suna can ƙarƙashin ruwa. Ta dawo ta ɗauki jikan tana yi masa tsiya irin ta kaka, wai ga sabon angonta ya zo hannu rabbana, ko goro babu.

A al'adar da Marka ta buɗe ido ta tarar, jariri ba ya kama nono sai dakashi ya wuce, wato nonon farkon nan mai kauri, rawaya, wanda tsofaffi ke cewa dauɗa ne mai ɓata ciki. A tsohon gari wannan bai taɓa zama damuwa ba. Ruga tana nan bayan gari, a karɓo madara da ɗuminta a riƙa ɗura wa yaro har nonon uwa ya yi fari. Yanzu kuwa Fulanin sun yi gaba da shanunsu tun da ruwa ya cinye makiyaya. Sai Marka ta riƙa ba shi ruwan ɗumi da ɗan ludayi, rabi ya shiga, rabi ya bi haɓa.

Ranar farko ya yi baƙin kashin nan mai danƙo kamar kwalta, ta yi hamdala, ta ce hanya a buɗe take. Washegari ta duba tsumman da ke ƙarƙashinsa ta tarar da shi a bushe. Ba sai an ɓoye ba, Marka ta ji daɗi. Wankan jego kaɗai yana lashe randa safe da yamma, ga girki, ga alwala. Har ta yabe shi, ta ce wannan ango mai tausayi ne, ya san matarsa ba ta da ruwan wanki.

Da gari ya sake wayewa daɗin ya gudu. Tsumman yana nan a bushe, sai wani ɗan tabo ja-ja kamar an barbaɗa jar ƙasa. Kukan yaron ya sirance, leɓensa ya bushe, da ta shafa kansa ta ji maɗiga ta faɗa. Marka ba yarinya ba ce. Ta san jariri mai lafiya ba ya barin tsumma ya huta, kana shanya wannan ya jiƙa wancan, kashinsa kuma daga baƙi ya koma kore, daga nan ya zama rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Wannan kuwa ya tsaya cak. Tsoro ya kama ta.

Maƙwabta suka shigo, kowace da nata. Wata ta ce a shafa magani a maɗigar, wata ta kawo rubutu. Duk an yi, tsumma bai jiƙa ba. Suwaiba kuwa tana kwance ta juya wa ɗaki baya, domin kunyar ɗan fari ta hana ta ko kallonsa a gaban mutane, balle ta ce a miƙo shi. Amma Marka ta ga gaban zanen 'yar tata ya jiƙe da nono. Sau ɗaya Suwaiba ta ce "Inna," sai ta haɗiye sauran maganar.

Da hantsi Hayatu, mijin Marka, ya yi gyaran murya daga bayan danga. Shi mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a fataucin shanu a kasuwar Talata Mafara, yanzu kuwa ba gona ba garke, sai zaman zaure da carbi. Namiji ba ya sa baki a sha'anin jego, shi ya sa Marka ta fito da mamaki.

"Ke, ban ga tsumma bisa dangag ga ba tun shekaranjiya," in ji shi.

"Malam, wagga magana ba ta maza ba ta."

"Na sani. Ni shanu nis sani. Amma maraƙin da bai sha dakashin uwatai ba, ban taɓa ganin ya kai kasuwa ba."

Ran Marka ya ɓaci. Jikan nata za a haɗa da maraƙi? Ta gaya masa haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma ga su nan sun rayu. Ya juya ya koma zaure. Sai dai kafin ta kai ƙofar ɗaki fushin ya zube, domin ta gane abin da take yi. Uwarta da kakarta sun hana nono, amma sun ba da madara. Ita rabin al'adar ya rage a hannunta, rabin da ke hanawa. Ɗaya rabin yana can tare da garinsu.

Ta tsaya riƙe da asabari tana auna abin. In yaron ya tafi a haka, za a ce kwana ne ya ƙare, ba mai ganin laifinta. In kuwa ta ba shi dakashi ya tafi, har ta mutu matan garin nan za su riƙa nuna ta da baki. Ta yi bisimilla ta shiga, ta ɗauke shi ta ɗora a cinyar 'yarta.

"Tashi ki ba shi."

"Inna, dakashi na," in ji Suwaiba.

"Na sani. In laihi na, nawa na."

Yaron bai kama ba, ƙarfin ya ƙare. Marka ta matso ɗigo ɗaya ta shafa masa a leɓe. Ya motsa baki, ta ƙara, ta ƙara, har can ya laluba ya kama. Suwaiba ta manta da wata kunya, ta sunkuyar da kai tana kallon ɗanta, hawaye na sauka a sumarsa.

Haka suka yini, ya tsotsa ya saki, a tashe shi ya sake kamawa. Marka ta kasa cin komai, hannunta kullum yana ƙarƙashinsa yana lalube. Da la'asar ta yi alwala ta ɗaura zanen sallarta, ta ce bari ta riƙe shi kaɗan mai jego ta sha kunu. Tana zaune sai ta ji ɗumi yana bin cinyarta, yana ratsa tsumma, yana ratsa zane. Ba ta motsa ba har ya gama, don kada ta katse shi. Sannan ta yi kukan da ta riƙe tun safe.

"Ka ɓata min zane, ango," ta ce. "Allah shi ƙara."

Ɗan ruwan da ya rage a gindin randa na tuwo ne, amma ta kwashe shi tas ta wanke tsumman. Ta san Hayatu ba zai tambaya ba, ita ma bakinta ba zai iya faɗa ba. Sai ta wuce igiyar shanya, ta je ta rataya shi a kan danga, daidai inda ake hangowa daga zaure. Carbin da ke hannun tsohon ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke ɗiga a kan tsakuwa, sannan ya ci gaba da ja.