Zobe Na Huɗu

Hanzala ba mutum ne mai son ƙyale-ƙyale ba. Tsohuwar motar da yake jigilar 'yan kasuwa da ita tsakanin Garuwa da Gidar, ko fenti bai taɓa sake mata ba. Abin da ya sa ya nemi sababbin ƙafafu, damina ce ta cinye hanya, ramuka suka lanƙwasa jantunan, wato ƙarafan da taya ke hawa kansu, har ta kai kusan kullum da safe sai ya tarar da taya ɗaya ta sace. An buga da guduma, an sake bugawa, har Tahir mai gyaran taya a Rumde Ajiya ya ce masa ƙarfen ya gaji, a bar shi ya huta.

Mijin ƙanwarsa, Abdelkerim, ɗan kasuwa ne a Kuseri. Shi ya samo masa jantuna huɗu na alminiyam daga tsallaken gadar kan iyaka, ya ɗoro su a motar albasa. Ranar da suka iso, har maƙwabta suka fito kallo, don sheƙi suke yi kamar sabon kwanon amarya. Hanzala ya kai wa Tahir, aka cire tsofaffin, nan take wata mai tuya ta saye uku ta kai wa maƙeri ya mayar mata da su murhu. Wanda ya fi lalacewa ne kaɗai ya rage a bayan mota.

Sai da Tahir ya ɗora ƙafar farko a mazauninta, ya girgiza ta sama da ƙasa, sannan ya ja tsaki.

"Zo ka gani. Ramin tsakiyar ya fi cibiyar motarka faɗi. Ga shi har bakin sukundireba na shiga."

"To ba noti ne ke riƙe ta ba?"

"Noti matsewa yake yi. In ba abin da ya cike gibin nan, ƙafar ba za ta zauna a tsakiya daidai ba. A kwaltar Yawunde ƙila ka sha rawar sitiyari kawai. A hanyarka kuwa, kowane rami kusoshin zai daka. Zobe ake sa mata. Nemo huɗu, ga awon."

Hanzala ya ɗauka abu ne na shiga shago a fito. Ya zaga masu kayan mota na Rumde Ajiya kaf, ya hau babur zuwa babbar kasuwa. Wasu ba su ma taɓa jin abin ba. Wani ya ɗauko masa zoben fistan yana rantsuwa duk ɗaya ne. Wani ya ce shi shekara da shekaru yana sa wa mutane irin waɗannan jantunan haka nan, ba wanda ya mutu. A ƙarshe aka kwatanta masa shagon wata 'yar kudu mai suna Nadine, wadda kayanta daga Duwala suke zuwa. Ta zazzage masa wani kwali a ƙasa, zobba manya da ƙanana, na roba da na ƙarfe, suka tsuguna suna gwadawa da ma'auni. Uku suka yi daidai. Suka juye kwalin, suka sake bi ɗaya bayan ɗaya, na huɗu bai fito ba.

Ta ce masa da Faransanci za ta sa a aiko, amma sai kayan sun hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sannan su jira mota, ita ba za ta yi masa alkawarin rana ba. Ta ba shi shawara ya je wurin Malum Bukar mai injin sassaƙa ƙarfe, ya fitar masa da ɗaya. Malum Bukar ya karɓi zobe guda ya auna, ya ce aikin bai kai a sha shayi a gama ba, sai dai ga injin nan a kwance, tun shekaranjiya aka ɗauke wutar unguwar.

Hanzala ya haƙura zai jira. Motar na kan duwatsu a rumfar Tahir, shi yana gida, da aka bugo waya daga Gidar. Kawu Abdulhalim ne, yayan mahaifiyarsa, jiki ya yi tsanani, kuma ba sunan da yake kira sai na ƙanwarsa Fatime, mahaifiyar Hanzala. Su biyu suka rage a ɗakinsu.

Inna Fatime ta ɗaura gyale tun kafin a kashe wayar. Gwiwoyinta sun daɗe da kumbura, ba ta iya lanƙwasa su a cunkoson motar haya.

"Tashi ka ɗauko motar."

"Inna, motar ba ta gama haɗuwa ba. Bari in nemo wani ya kai ki."

"Wa za ka nemo yau ranar kasuwar Fitowa? Kowa ya fita. Ina da ɗa mai mota, yayana ya mutu yana kirana saboda wani ɗan zobe?"

Ya buga wa abokan sana'arsa biyu, duk suna hanya. Ya koma wurin Malum Bukar, ba wuta. Ya zo wa Tahir da maganar a sa tsohon jantin da ya rage, Tahir ya nuna masa tsagar da ke gefensa, ya ce wannan ko fita gari ba zai yi da iska ba. Can Tahir ya shiga bayan rumfa ya fito da guntun bututun roba, irin na ruwan famfo. Ya yanka, ya gasa a wuta ya buɗa shi, ya kankare da wuƙa har ya shige ramin.

"Wannan dabara ce, ba zobe ba. Na sa ta a ƙafar baya ta dama, don kada ta taɓa maka sitiyari. Kada ka yi gudu. Ka riƙa tsayawa kana duba notin."

Rana ta take sosai da suka bar Garuwa, zafin bazara har kwalta na tururi. Inna na gidan gaba, an tura mata kujera baya ta miƙe ƙafafu, carbi a hannunta. Hanzala na tafiya a hankali, motocin auduga na wuce shi suna hon. A Fitowa ya tsaya cikin hayaniyar kasuwa, ya sa sifana. Noti ɗaya ya ɗan saki. Ya ɗaure, ya taɓa jantin, ya janye hannu don zafi.

Suna barin garin waya ta sake ƙara. 'Yar Kawu ce, tana kuka, tana cewa in za su zo su zo yanzu. Inna ba ta ce masa ya yi sauri ba. Kallonsa kawai ta yi, ta mayar da ido kan hanya, leɓɓanta na motsi. Shi ya taka totur da kansa.

Da farko wata 'yar rawa ya ji a ƙarƙashin kujera. Ya ce a ransa in sun wuce gangaren can zai tsaya. Suka faɗa wani rami, suka fita, sai ga ƙara kamar ana buga turmi a bayan motar, sau biyu ko uku, sannan bayan ya zube ƙasa. Ƙarfe ya kama kwalta yana kuka. Hanzala ya riƙe sitiyari da duk ƙarfinsa, bai taka birki da gaggawa ba, ya bar ta ta ja jiki har ta tsaya a gefe. Ta gefen ido ya ga wani abu mai sheƙi ya wuce su yana tsalle.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna, tana shafa ƙirji. "Allah ya tsare."

Sai suka ji ihu.

A gaba kaɗan akwai wata bishiyar darbejiya inda matan Fulani ke zama da ƙoren nono. Ƙafar motar ta bi gefen hanya ta shiga ƙarƙashin bishiyar. Da Hanzala ya isa a guje, nono ya malale a ƙasa ya gauraya da turɓaya, mata sun watse suna salati, ɗaya tana kwance a jikin saiwa. Matashiya ce, ba za ta wuce shekarun ƙanwarsa ba. Ba jini da yawa, ɗan kaɗan ne a gefen baki, amma numfashinta na fita da wani sauti da bai taɓa ji ba. Kusa da ita jariri ne a kan zane, ko ƙwarzane babu, yana ta tsala kuka.

Maza suka fito daga gonaki. Wani ya ci kwalarsa, wani ya ɗaga sanda, wani dattijo ya shiga tsakani yana faɗa da Fulatanci cewa a nemi mota tukuna. Suka tare wata babbar mota da ta sauke auduga za ta koma Garuwa. Aka ɗora matar a baya, Hanzala ya hau ya tallafe kanta a cinyarsa, wata 'yar'uwarta ta hau tana kiran sunanta, Habsatu, Habsatu. Da motar ta juya, ya hango Inna ta tako da sandarta har gindin bishiyar, ta zauna a ƙasa, ta ɗauki jaririn.

Habsatu ta buɗe ido sau ɗaya. Ta dube shi, ba ta san ko wane ne ba. Ta ce, "Ɓingel am," wato ɗana. Ya amsa mata da yarenta cewa yana nan lafiya, yana hannun tsohuwa. Kafin su kai Fitowa nauyin kanta ya sauya a cinyarsa. 'Yar'uwar ta gane kafin shi.

Jandarmomi suka tsare shi. Aka jawo motar aka ajiye a harabarsu, aka jingina ƙafar a jikinta. Robar da Tahir ya yanka ta narke ta manne a cikin ramin, kusoshin duk sun karye. A nan aka zo aka gaya masa Kawu ya cika kafin la'asar, Inna kuwa sai washegari ta isa Gidar, ta tarar an riga an kai shi.

Tahir ya zo da kwanon abinci. Ya tsaya bakin taga ya kasa haɗa ido da shi, ya yi ta zancen zafin gari, daga baya ya rage murya.

"Sun tambaye ka wanda ya sa bututun?"

"Na ce motata ce, ni na hau da ita hanya."

Tahir ya gyaɗa kai, ya share fuska da hularsa, ya tafi. Bai sake zuwa ba.

Mijin Habsatu, Sali, makiyayi ne dogo siriri. Ya zo ofishin da ƙannensa biyu, ya ce shi ba ya neman shari'a da kowa, kwananta ne ya ƙare. Shugaban jandarmomin ya ce wannan tsakaninsu ne, hukuma da nata. Aka karɓe takardar tuƙin Hanzala, aka sake shi a hannun dattawan unguwa, aka ce ya jira kiran kotu.

Bayan sadakar bakwai ɗin Kawu, shi da Inna suka ɗauki shatar mota suka je rugar su Sali da buhun gero da goro. Maza suka karɓe shi a inuwa, aka yi addu'a, Sali ya miƙa masa hannu. Hanzala ya so a ce wani ya zage shi, ko ya tofa masa yawu, amma sai ruwa aka kawo masa a ƙwarya. Daga inda yake zaune yana jin maganar mata ta bayan zana. Adawiyya, 'yar'uwar da suka hau babbar motar tare, ita ke riƙe da yaron. Ya ƙi nonon saniya, ya rame, kukansa ma ya zama siriri.

Ya ji ta tambayi Inna, "Wurin da kuke saurin zuwa, kun isa?"

"Mun isa. Ba mu same shi da rai ba."

"Ayya," in ji Adawiyya.

Inna ta riƙa aika madarar gwangwani duk ranar kasuwa ta hannun wani direba. Ana cikin haka, da ruwan farko ya sauka, direban ya dawo da gwangwanin, ya ce rugar ta tashi, sun bi shanu kudu. Ya tambayi masu nono a gindin bishiyar labarin yaron, wata ta ce yana raye, wata ta ce a'a.

Kotu ta yanke wa Hanzala ɗaurin da ba sai ya shiga gidan yari ba, ta hana shi tuƙi na wani lokaci. Ko da lokacin ya cika bai je karɓar takardar ba. Ya sayar da motar yadda take a harabar jandarma, ya koma taya wani ɗan'uwansu tsaron rumfar hatsi.

Shi da Inna suna gida ɗaya, yana gaishe ta safe da yamma, tana sa masa albarka, amma zancen ranar ba ya shiga tsakaninsu. Sau ɗaya ne, wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Ni na matsa maka."

"Ni na taka, Inna."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ya cire takalmi ya shiga ɗaki.