Gidan Da Auta Ya Yi Wa Maƙwaƙwafi

Gemunsa ya yi fari fat, yana da jikoki har da masu zuwa sakandare, amma a bakin yayarsa har gobe Auta ne. A birni kuwa Kafinta ake ce masa, don tun yana saurayi ya tafi koyon sana'a, ya zauna can, bai san wani aiki ba bayan na katako. Da tari ya matsa masa, likita ya ce ƙurar katako ce ta cika masa ƙirji, ya bar shago ya je inda zai sha iska mai kyau. 'Ya'yansa ba su tsaya jin ta bakinsa ba, suka sa shi a mota sai gidan yayarsa.

Gidan nata shi ne na ƙarshe a ƙauyen. In ka fita ta ƙofar baya, ka wuce turken awaki da 'yar gonar wake, sai ka tarar da rafi. A hayin rafin daji ne, itatuwa sun haɗa kai har rana ba ta samun ƙasa sai ɗige-ɗige. An hana sara a cikinsa, an kuma ajiye malamin daji guda, wani saurayi mai fara'a da ke zagayawa a kan tsohon babur.

Kwanakin farko Auta bai taka ko bakin rafin ba. Ya zauna a tsakar gida yana bin kayan yayarsa da kallo yana tsaki. Ya girgiza tebur ya ce gurgu ne. Ya ja ƙofar ɗakin girki ya ce wanda ya kafa ta bai yi wa iyayensa biyayya ba.

"Yaya, wa ya yi miki wannan bencin?"

"Wani bawan Allah."

"To, Allah ya yafe masa."

"Amin. Kai ne, shekarar da na haifi babbar 'yata."

Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin bencin, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce katakon ne ba shi da kyau.

Washegari ta miƙa masa sandar marigayi mijinta da gorar ruwa. "Iska likita ya ce ka sha, ta cikin gidan nan kuwa ka shanye ta da tsaki. Ga daji can, je ka yi musu gyara."

Ya tafi yana gunaguni. Da yamma ya dawo da labari, amma duk na katako. Ya ga wani maɗaci miƙaƙƙe wanda zai yi ƙofofin gida guda har a yi saura. Ya ga kirya da in aka yi turmi da ita sai jika ya gada.

"Ba ka ga zabin daji ba?" in ji ta. "Ba ka ga gada ba? Suna nan birjik ta wajen kwari."

"Ban lura ba."

"Kai ko Aljanna aka kai ka, ƙofa za ka tsaya ƙwanƙwasawa ka ji ko katakon ya bushe."

Haka ya yi ta fita kullum da hantsi. Ran nan yana zaune a kan wani kututture yana hutawa, sai ya ji bugu daga cikin itatuwa. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, a tsaya, a sake. Kunnen da ya tsufa a shago bai iya ƙyale irin wannan ƙara ba. Ya tashi ya bi ta, yana ture rassa da sanda, har ya iso gindin wata busasshiyar bishiya. Ya ɗaga kai. Ɗan tsuntsu ne bai kai kurciya ba, da ja a kansa kamar an kifa masa hula, ya manne a jikin itacen ya dogara da jela, yana sara da baki, ɓarɓashi na zubowa.

Ranar sai da abinci ya huce kafin ya dawo.

"Yau na gamu da wani ɗan'uwa a sana'a," ya ce yana wanke hannu. "Ba tef, ba fensir a kunne, ba awo ba komai. Sara kawai yake yi da ka."

"Maƙwaƙwafi ke nan. Ka gyara masa?"

"Ina dai duba hannunsa tukuna."

Duban hannun nan ya zame masa aikin kullum. Yana zuwa ya zauna a gindin wata kanya da ke kallon busasshiyar bishiyar, ya jingina sanda, ya yi shiru. Da yake ya daina motsi da surutu, sai dajin ya manta da shi. Kurege ya riƙa wucewa ta gaban takalminsa da 'ya'yan itace a baki. Zabi suka fito a jere suna tono, babbarsu na gaba tana mita kamar an ci mata bashi. Wata safiya har gada ta zo ta tsaya kusa da shi, ta kafa kunnuwa, ta dube shi, ta ga ba abin tsoro ba ne, ta ci gaba da cin ganye. Wannan ya ɗan ɓata masa rai.

Ramin kuwa ya yi ta zurfi, bakinsa ya zagaye sumul kamar an zana da bakin kofi. Da yayar ta tambaye shi yadda aikin ya kasance, sai ya tauna lomarsa a hankali ya ce, "Ba laifi." Ta ajiye cokali ta dube shi, don yaran shagonsa sun sha faɗa mata ba su taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba.

Ana nan sai ruwan farko ya sauko da la'asar, da iska mai ƙarfi da ta yaye rufin turken awaki. Da gari ya waye Auta ya tsallake rafin da ya yi ja da laka, ya tarar busasshiyar bishiyar ta faɗi, ta karye daidai wajen ramin. Ya durƙusa ya zura yatsa ciki. Ba ƙwai, ba 'ya'ya, sai laushin ɓarɓashi a ƙasa, bangon ramin kuma a goge. Tsuntsun na can kan reshen kanya yana ta kuka.

Bai koma gida ba, sai ya tsaya bakin hanya har malamin daji ya zo wucewa, ya tsayar da shi, ya nemi izinin yankar guntu daga itacen da ya faɗi.

"Me za ka yi da shi, Baba?"

"Gida zan yi wa wani."

Da malamin daji ya gane wanda ake nufi, ya cire hular kwano ya sosa ƙeya. "Baba, ɗauki abin da kake so. Amma fa shi wannan tsuntsun ba kasafai yake shiga gidan da ba shi ya sassaƙa ba."

"Don bai taɓa ganin aikin kirki ba ne, ɗana."

A gida ya rufe ɗaki, ya janyo akwatinsa, ya ɗaga riguna. Zarto, guduma, gizago, sanfefa da ƙullin ƙusoshi duk suna ƙasa, a naɗe cikin tsohon zane. Yana fito da su yana sanɗa sai ya ji muryarta a bakin taga.

"Ba sai ka ɓoye ba. Ni na taya direba ɗaukar akwatin nan ranar da ka zo, na san ba riguna ke da wannan nauyin ba." Ta jefo masa ɗankwali. "Ɗaura a hanci, kuma a waje za ka yi, ƙarƙashin bishiya. In na ji tari ɗaya, zarton nan rijiya zai kwana."

Haka aka ga dattijo da ɗankwalin mata mai furanni ɗaure a fuska, yana aiki kamar an ba shi kwangilar fada. Da farko akwati ne kawai da rami. Sai ya ga rufin ya yi fili da yawa, ya yi masa gangare don ruwa. Sai ya ƙara 'yar baranda a gaba, inda mai gida zai tsaya ya sha iska. Sai taga a gefe. Sai 'yar ƙofa ta baya mai sakata, saboda shara. Daga ƙarshe ya aika aka sayo masa shuɗin fenti.

Yayar ta zagaya gidan ta duba gaba da baya, hannuwa a bayanta.

"Ina makewayi?"

"Yaya, don Allah."

"A'a, tambaya na yi. Kuma in ya yi aure, ina ɗakin baƙi? Ni da muka fito ciki ɗaya ban samu baranda ba, sai wani mai jar hula da ko gaisuwa bai taɓa yi maka ba."

Malamin daji ne ya hau tsani ya ɗaure gidan a jikin kanyar, Auta na ƙasa yana ba da umarni, a ɗaga dama, a sauke hagu, har sai da ya daidaita. Sannan ya koma mazauninsa ya jira.

Bai daɗe yana jira ba. Wata safiya maƙwaƙwafin ya sauko ya dira a kan rufin. Tsuntsun ya karkata kai, ya leƙa baranda, ya koma sama, ya kai wa rufin sara ɗaya. Akwatin da ba komai a cikinsa ya amsa da ƙara, ƙwaram, har zabi suka watse. Tsuntsun ya tsaya kamar mai mamaki, sannan ya saki kiɗi, rrrrr, dajin gaba ɗaya ya ɗauka. Da ya gamsu, ya tashi ya koma wani busasshen reshe can gefe, ya fara sabon rami.

Kullum da safe kuwa sai ya zo ya yi kiɗinsa kafin ya tafi aiki. Fentin rufin ya soma ɓamɓarewa.

"Ya shiga?" in ji yayar.

"Ya mayar mini da gida ganga."

Ta kai gefen zane baki, kafaɗunta na rawa. "To ai ya yaba ke nan. Ba kowane katako ke da murya ba."

Kurege ma ya gwada, ya kwana biyu a ciki, ya bar ɓawon 'ya'yan itace a baranda ya ƙara gaba. Auta ya ga abin ya zama na raini, ya yanke shawarar sauko da gidan ya sake masa fenti, ko a kai wani gefe. Bai jira malamin daji ba, ya ɗauki tsani da kansa. Yana hawa ya ga wasu 'yan ƙudaje na shiga da fita ta ramin, ya cire hula ya kaɗa su.

Ba ƙudajen gida ba ne. Ƙudan zuma ne suka tare tun kwana uku, da sarauniyarsu da komai.

Matan da ke wanki a bakin rafi sun ce ba su taɓa ganin tsoho ya tsallake ruwa haka ba. Takalmi ɗaya ya tafi da rafin, hular kuwa sai bayan sati aka tsinto ta a kan ƙaya. Ya faɗo gida yana kaɗa hannuwa, hanci ya fara hawa, leɓen sama ya yi gaba, ido ɗaya ya rufe.

Yayar ba ta yi dariya nan take ba. Ta zaunar da shi, ta kankare ƙarin zuman da ya kafe a fatarsa da gefen cokali, ta sa masa tsumma mai sanyi, ta kasa kunne a ƙirjinsa ta ji numfashi na fita lafiya, ta sa shi ya haɗiyi ruwa ta gani. Sai da ta tabbatar kumburi ne kawai, sannan ta ja da baya ta ƙare masa kallo.

"Auta, ashe kana da gudu haka? Mutumin da aka kawo mini ba ya iya hawa dakali sai ya huta?"

Ya buɗe baki zai ba da amsa, leɓen ya ƙi ba shi haɗin kai. Nan ta zauna a ƙasa ta yi dariya har da hawaye. Maƙwabta suka yi ta shigowa yi masa sannu, kowa ya fara da fuskar jimami, ya ƙare yana kallon bango.

Da yamma malamin daji ya zo, shi ma ya yi tasa sannun yana cije leɓe. Ya ce ya je ya duba, zuman sun zauna daram, kuma ya daɗe yana neman wanda zai yi wa ƙungiyar matan ƙauyen amya ta katako, don su daina dogara da sayar da itacen girki. Ko Baba zai iya? Manya ake so, masu murfi a sama, ba sai da baranda ba.

Auta ya dube shi da ido ɗayan da ke buɗe. Can ya ce, da ƙyar, "Su dai waɗannan sun san aiki. Ko awa ɗaya ba su yi suna shawara ba."

"Har tukwici sun ba ka," in ji yayar daga ɗakin girki.

Kafin kaka ta yi, amya ta jeru a gefen dajin, mata na zuwa da safe su tsaya daga nesa suna ƙirga masu shiga da fita. Babban ɗansa ya zo da mota don ya mayar da shi birni, ya same shi ƙarƙashin bishiya yana goge murfi, ya yi baƙi ya murmure, tarin sai jefi-jefi.

"Baba, ka haɗa kaya, likita ma zai so ya gan ka."

"Zan je in gan shi in dawo. Amma ba yau ba. Akwai guda biyu da ba a shiga ba tukuna, ina so in ga ko inuwa ce ta yi musu yawa."

Yayar ta fito tana share hannu da zane. "Tafi da shi, ɗana, don girman Allah. Ya cika mini gida da ɓarɓashi, awakina sun koyi tsaki."

Aka ci abinci, aka yi hira, ɗan ya ga ba zai ci nasara ba ya yi sallama. Ta ce bari ta raka shi bakin mota, ta ɗauko masa ƙullin wake. Da suka yi nisa da tsakar gida ta waiga, ta rage murya.

"In za ka dawo, ka taho masa da bargonsa mai kauri da rediyonsa. Ɗakin nan na gabas yana da sanyi in shekara ta juya." Ta tura ƙullin ta taga. "Kuma kada ka ce ni na ce."