An Kawo Auta da Ankwa

Saje yana tsaye a ƙofar ɗakin da waya a kunne lokacin da Baba mai faci ya sake kiran sunan ɗansa Auta. Inna, matar Baban, ta goge masa baki da gefen mayafi, ko kallon Saje ba ta yi ba.

Gidan haya ɗaya suke zaune, famfo ɗaya suke tara. Amma tun ranar da aka kama Auta a ƙetaren iyaka, da bindigogi cikin tayoyin motar da yake tuƙawa, Inna ta daina amsa gaisuwar Saje. Duk unguwa ta san ofishin su Saje ne ya aika wa 'yan sandan can hoton yaron. Baba bai taɓa cewa uffan ba. Ciwon ƙoda ne kawai ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura, ido ya tafi.

Yau ake dawo da Auta. Sufeton can ƙasar ne zai rako shi har hedikwata, kuma makullin ankwa yana hannunsa sai ya miƙa shi. Saje ya roƙe shi a waya da su ratse ta layinsu. Sufeton ya ce ba ya cikin umarnin da aka ba shi, idan yaron ya gudu kakinsa ne zai tafi. Saje ya ce nasa kakin ma ya sa jingina. Can sai mutumin ya tambayi kwatance.

Da hantsi motar ta tsaya bakin kwata. Aka fito da Auta, ya rame kamar kara, hannunsa ɗaure da na wani kurtu mai kakin da ba a saba gani ba. A bakin ƙofa kurtun ya sunkuya yana kiciniyar cire takalmi da hannu ɗaya, dole Auta ya sunkuya tare da shi.

Baba ya laluba har ya kama yatsun ɗansa. Ya matsa sama, ya ji sanyin ƙarfe, ya tsaya nan.

"Wa ya kawo ka?"

"Saje ne, Baba."

"Shi ya kai ka, shi ya kawo ka." Ya huta. "Wannan hannun fa, na wa?"

"Baƙo ne, daga can."

"A ba baƙo ruwa mana."

Inna ta miƙa kofi ba tare da ta ɗaga kai ba. Kurtun ya sha. Auta ya soma cewa a yafe masa, kuka ya ci ƙarfinsa. Baba ya ce shi ya yafe, amma waɗanda aka harba da kayan ba shi ne ubansu ba.

Sufeto ya ƙwanƙwasa ƙyaure. Sai da Saje ya ɓamɓare yatsun tsohon ɗaya bayan ɗaya daga jikin ankwar.

Baba bai kai la'asar ba. Saje ya ɗauki makara cikin kakinsa, ya shiga kabari ya karɓi gawar, tunda ɗan da zai karɓa yana bayan mota a hanya. Da ya durƙusa yi wa Inna gaisuwa, ta amsa wa na kusa da shi.

Ya shiga ɗakinsa ya zauna yana kwance igiyar takalmi, ƙasar kabari na zuba kan tabarma. Ta bayan bango ya ji Inna tana jan gadon ƙarfen da Baba ya yi jinya a kai ita kaɗai, tana ja tana hutawa, zuwa ɗaya kusurwar.