Tawada a Ƙafar Baba

Ranar Talata da safe aka bugo waya daga ƙauyen su Baba, can gaba da Ɗan Isa a ƙasar Nijar, aka ce Gwaggo Salmatu ko kunu ta daina karɓa, sunan Baba kawai take kira. Baba ya ce in ɗauko masa babbar rigarsa ta zuwa coci. Na nemi izinin kwana uku a sakandaren da nake koyar da Turanci, muka hau mota daga cikin garin Jibiya zuwa bakin iyaka.

Gwaggo Salmatu yayarsa ce. Lokacin da kuturta ta kama shi yana saurayi, aka yi masa bukka a bayan gari aka ware masa ƙwarya, ita kaɗai ke zuwa wurinsa. Ita ce ta ɗora shi a jaki ta kai shi asibitin mishan, inda ya warke, inda kuma ya zama Kirista. Sauran dangi suka daina ambaton sunansa. Ita ba ta bar sallarta ba, ba ta kuma bar ƙanenta ba. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da yatsun hannunsa goma.

A da mutanen nan ratsa iyaka suke kamar shiga gidan maƙwabci. Tun da aka rufe ta aka sake buɗewa, sai da takarda. Ni ina da tawa, ta Baba kuwa ta daɗe da ƙarewa. Akwai hanyar daji da 'yan babur ke bi, amma ko an bar maganar ɓarayi, Baba ba shi da abin da zai riƙe mai babur da shi.

A ofishin da ake ba da takardar muka tarar da wani matashin ma'aikaci, sunansa a rubuce a ƙirjinsa, Shafi'u. Ya ɗauki hoton Baba, ya turo wata 'yar na'ura mai gilashi.

"Baba, ɗora babban yatsanka nan."

Baba ya fiddo hannuwansa daga cikin riga. Shafi'u ya ja kujerarsa baya kaɗan, kaɗan ne ƙwarai, amma na gani. Baba ya ɗora dungunsa a gilashin. Jar wuta. Ya sake. Jar wuta.

"Ba ta karɓa ba," in ji Shafi'u. "In ba ta karɓa ba, takarda ba ta fita."

Sai na tashi masa da Turanci. Na faɗa masa dokar ƙasa, na faɗa masa haƙƙin naƙasassu, na tambaye shi ko wanda ya ƙera na'urar ya ɗauka kowa da yatsa goma zai mutu. Ban bar masa wurin numfashi ba. Wani mai rago a bayanmu ya ce, "Kai, wagga yarinya ƙamus ta haɗiye?" Layi ya kwashe da dariya.

Shafi'u ya jira na gama, ya ce, "Malama, ki yi wa na'urar Turancin, ita ce ta ƙi. Oga Dalhatu kaɗai ke da ikon yin wani abu, shi kuwa yana Katsina sai gobe."

Muka koma gida. Laraba tun hantsi muna ƙarƙashin dogon yaron da ke gaban ofishin. Manyan motoci sun yi jerin gwano, 'yan lodi na ta ihu, rana na dukan kwalta. Sau biyu aka kira daga ƙauye. Na biyun, ɗiyar Gwaggo cewa ta yi, "In za ku taho ku taho."

Baba yana zaune a benci yana gaida duk wanda ya wuce. Ya gaida direbobi, ya gaida mai tallar gyaɗa, har Shafi'u da ya fito alwala ya ce masa sannu da aiki. Wannan ne ya ƙarasa ƙona mini rai.

"Baba, kullum a coci ana cewa Allah mai hikima ne. To ina hikimar? Ya bar ciwo ya ci yatsunka shekara arba'in da suka wuce, ya san sarai yau za a nemi yatsa ɗaya tak. Ko ɗaya bai rage maka ba."

"Liyatu, rage murya, kar a ce ɗiyar mai sharar coci ta fara wa'azi a tasha."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani." Ya dubi hannuwansa a kan gwiwa. "Dalilin ban san shi ba. Na tambaya a bukkar nan har muryata ta dushe, ba a ba ni amsa ba. Ke kin saba da jarrabawa, kowace tambaya da amsarta a aljihun malami. Ni abin da aka ba ni shi ne sanin halinsa. Bai tsaya can sama yana leƙo ni ba. Ya sauko, ya taɓa kuturu irina da hannunsa, mutane na kallo. Kuma da ya tashi daga matattu, shi da ke da iko da komai, mi ya hana shi goge tabon ƙusar gicciye daga hannunsa? Bai goge ba. Da shi ya koma sama. Wanda ke da rauni a hannu, in ya ce mini in jira, zan jira."

"In ta mutu kafin mu isa fa?"

"Zan yi kuka, in kuma yi masa ƙorafi. Yana ɗauka. Ke ma yi naki, bai taɓa korar mai ƙorafi ba."

Na sayo masa ruwa na riƙe masa ledar ya sha.

Gab da azahar Oga Dalhatu ya iso, dattijo mai furfura a gemu. Ya saurari Shafi'u, ya dubi Baba, ya ce a ɗauko tsohon fom na takarda da kushin tawada, waɗanda ake aiki da su in na'ura ta lalace.

"Amma dole a dangwala wani abu," ya ce. "Da muna sababbin shiga, an koya mana wanda ba shi da na hannu, na ƙafa ake sawa. Baba, akwai na ƙafa?"

"Na hagu yana nan, ranka ya daɗe. Shi ne autansu."

Na ce sam. Na ce ubana ba zai tuɓe takalmi a gaban 'yan lodi da masu talla ana leƙensa ta taga ba. Oga Dalhatu bai yi musu da ni ba, ya dai ajiye biro. Da na waiga sai na ga Baba ya sunkuya yana kokawa da maɗaurin takalminsa da dungu biyu, maɗaurin na zille masa.

Kullum da yamma ni ke cire takalmin nan. Ƙafafunsa ba sa jin ƙaya ko ƙuna, don haka sai na duba su yatsa da tafi, in shafa musu mai. Tun ina aji uku na firamare nake yi. Amma kullum sai na tura ƙyaure tukuna. Shekaru ina faɗa da duk wanda ya yi wa Baba kallon banza, ban taɓa yarda wani ya gan ni riƙe da ƙafarsa ba. A tsaye a ofishin nan na gane haka, kuma bai yi mini daɗi ba.

Na naɗe zanena na durƙusa a siminti. Na kwance maɗaurin, na cire takalmin, na zare safa. Oga Dalhatu ya sauko daga kujerarsa ya tsuguna, ya shimfiɗa fom ɗin a kan wani fayil ya danne gefensa. Na shafa yatsan a tawada.

"A hankali, Malama," in ji Baba. "Sa hannun babban mutum ne."

Mai ragon jiya, wanda ya sake dawowa layi, ya ce, "Wallahi ya fi nawa fita." Aka yi dariya, wannan karon har da ni.

Ina neman abin da zan goge tawadar sai ga buta an ajiye a gefena. Shafi'u ne. Ya koma kujerarsa ya buga hatimi.

A ɓangaren Nijar wani jandarma ya juya takardar ya sake juyawa, ya dubi hannuwan Baba, ya ɗaga mana sandar shinge. Muka sami mota zuwa Ɗan Isa, daga nan amalanken shanu. La'asar ta yi sanyi muka shiga gidan.

Gwaggo na kwance a tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya. Baba ya durƙusa ya kira ta, "Yaya." Ta buɗe ido da ƙyar.

"Auta. Sai yanzu?"

"Hanya ce, Yaya."

"Kullum kai da hanya." Ta lalubo hannunsa ta riƙe. Can ta ce, "Liman ya yi mini tasa addu'ar tun jiya. Kai ma yi mini irin taku, in haɗa."

Baba ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Sai ya juyo ya dube ni.

Kwana biyu ina faɗa da Allah, ban shirya masa wata magana mai daɗi ba. Na matsa kusa na dafa su duka biyu. Na ce, "Ya Uba, ga mu mun iso. Ban gane yadda kake aikinka ba, kai ma ka san ban gane ba. Amma ka riƙe ta yadda ta riƙe shi." Daga nan na rasa abin faɗa.

"Amin," in ji Gwaggo. "Gajera ce, amma ta yi."

Ta rasu ranar Juma'a da hantsi, Baba na zaune a gefenta.