Barewar da Ke Tsibiri

A shekarar 1998, a wani bene da ke unguwar Sanyuanli, cikin wani babban birni a ƙasar Sin, mutum huɗu ke zaune a gida ɗaya. Alhaji Ma'azu Bakano ne, yana sayen tufafi a kasuwar Baima yana aikawa gida. Matarsa Hasiya 'yar Maraɗi ce, ita ke dafa wa 'yan kasuwar da suka sauka a unguwar abinci. 'Yarsu Radiyya shekararta tara, kuma ita kaɗai ce a gidan bakinta ya kama yaren ƙasar, saboda da yaran unguwa take wasa. Na huɗun shi ne Maidaji, ƙanin Hasiya, wanda ya zo koyon kasuwanci amma kasuwancin ya ƙi shiga kansa.

Ba su rasa shinkafa ba, ba su rasa wurin kwana ba. Jan naman da suka yarda da yankansa ne ya yi musu wuya, kullum daga kifi sai kaza. Su kuma mazan biyu, jituwa suka rasa.

Maidaji ɗan mafarauta ne, kuma ba ya gajiya da faɗar haka. Alhaji kuwa ya fake da wasan da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa, yana yaɓa masa magana a gaban baƙi. Maidaji ya riga ya gaya wa yayarsa cewa ranar da aka sake kunyata shi a gaban mutane zai haɗa jakarsa ya koma Maraɗi. Radiyya ta ji, kuma abin ya tsaya mata a rai. Kawun nan nata shi ya sassaƙa mata ɗan baka da gora, shi kaɗai ke sa uwarta dariya da Hausar garinsu.

Wata rana bayan la'asar Alhaji ya shigo da labari. Ya ce wani tsoho da ake kira Lao Wu yana da bareyi a wani tsibiri, can tsakiyar wani babban dam a arewacin birni, irin bareyin ƙasar nan masu ƙaho kamar reshen itace. An sake su suna yawo a daji, kuma tsohon ya yarda a je a harbi ɗaya da baka. Sai dai babu hanyar zuwa sai ta kwalekwale.

"To, sarkin dawa," in ji Alhaji, "ga ranarka ta zo. Mu ga ko bakan nan na ado ne."

Hasiya ta ɗago daga wanke-wanke. "Alhaji, ka san dai Maidaji da ruwa."

"Na san me? Mafarauci ne ko ba mafarauci ba?"

Hasiya ta koma kan wanke-wankenta. Radiyya ta ji maganar, amma ba ta ɗauke ta a bakin komai ba.

Aka zauna shiri. Alhaji ya jawo faranti ya ce shi ne dam ɗin, ya kifa kofin shayi a tsakiya ya ce ga tsibiri. Nan Maidaji ya saki jiki, ya zama wani mutum daban. Ya ce za a kashe inji tun daga nesa a ƙarasa tuƙi da filafili, don barewa kunne gare ta. Ya ce a sauka ta gefen da iska ke busowa a fuska, kada ta kai mata warin mutum. Ya ce kada kowa ya shafa turare, Alhaji ma ya haƙura da nasa. A tafi da wuƙa mai kaifi, a san alƙibla tun kafin a sauka, don in kibiya ta kama sai an yi gudu an yanka kafin rai ya fita.

"Da dawowa kuma," Alhaji ya ce, "a kwantar da ita a tsakiyar kwalekwale, kai ka zauna a baki-baki. Ruwan wai ya fi tsawon benen nan zurfi."

Maidaji ya dubi farantin.

"Nama na gida ne," Alhaji ya ci gaba. "Kan barewar da ƙaho kuma na Lao Wu. Ladansa ke nan, magani suke yi da shi."

Maidaji ya miƙe tsaye. "Mi ka ce? Kan dabbar da ni harba? A gidanmu kai na maharbi ne. Ubana bai taɓa barin kan nama a hannun wani ba, ko sarki ne."

"Gidanku na Maraɗi. Nan Sin ce."

"To babu farauta."

"Dama na sani. Bakinka ne mai harbi."

Daga ranar gidan ya yi tsami. Kowa ya ɗauki kwanonsa ya juya baya. In Alhaji zai wuce sai ya ce a matsa wa mai kan barewa hanya. Maidaji kuma ya ce Bakano har inuwarsa zai sayar in ya sami mai saye. Duk da haka ya zauna yana gyaran tsirkiya, yana wasa bakin kibau a kan dutse.

Ranar Lahadi aka shirya zuwa ganin wurin, a gwada kwalekwalen, a duba inda za a sauka. Alhaji ya gayyaci abokansa 'yan kasuwa, ciki har da wani Illa mai yawan dariya. Aka tafi da Radiyya don ta yi tafinta.

Dam ɗin ya fi yadda farantin ya nuna. Ruwa ne kore, shiru, ya shimfiɗu har gindin duwatsu, tsibirin kuwa can nesa kamar ɗan tulu. Kwalekwalen Lao Wu siriri ne, yana rausaya a jikin dandamalin katakon da aka ɗaure shi a bakin ruwa.

"Lawban," Alhaji ya ce wa tsohon, wato maigida da yarensu, "ga gwanin namu."

Maidaji ya tsaya nesa da bakin ruwa, ya harɗe hannu. "Ni na gama magana. In kai ba nawa ba ne, ƙafata ba ta shiga."

Mutanen suka soma gunaguni. Wani ya ce ai Maidaji yana da gaskiya, al'adar gidansu ce. Illa ma ya ce shi kakansa haka yake yi. Alhaji ya ɓata rai, don ya ga magana tana neman juyawa.

Radiyya ta dubi kawunta, ta dubi ubanta. A ganinta abu ɗaya ne tak ya raba su, kuma tana iya gyara shi. Ba wanda ya aike ta. Ta je wurin Lao Wu ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa bayanin al'adar gidan kakanta, ta roƙe shi. Tsohon ya saurara yana zuƙar tabarsa, sannan ya yi dariya, ya shafa kanta. Ya ce yana da ƙaho da yawa a rataye, su riƙe kan, a ba shi cinya ɗaya.

Ta dawo a guje. "Kawu! Baba! Ya yarda! Ya ce kai na Kawu ne!"

Alhaji ya saki murmushi a hankali.

"Madalla da 'yar albarka. To, sarkin dawa, bismilla."

Maidaji ya dubi yarinyar, kallon da ba ta taɓa gani a idonsa ba. Ya tako kan katakon. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kwalekwale, kwalekwalen ya karkata, ruwa ya motsa a ƙarƙashinsa. Gumi ya keto masa. Ya janye ƙafar, ya durƙusa ya riƙe katakon da hannu biyu, ya kasa tashi.

Illa ne ya fara dariya, sauran suka bi. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce kawai, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "A kawo wa maharbi ruwan sha. Kaɗan, kada ya nitse."

Da suka iso gida Maidaji ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado. Hasiya ba ta hana shi ba, ta zauna tana ninke masa riguna. Nan ta gaya wa Radiyya cewa tun suna yara gulbi ya tafi da wansu a gaban idon Maidaji, kuma ta taɓa ba Alhaji labarin.

Da zai fita ya bar wa Radiyya babban bakan a jingine da bango. Ya dafa kanta ya ce, "Ba laifinki ba ne, ɗiyata."

Radiyya ta tsaya a bakin ƙofa har ya sauka daga benen. A nan ta gane cewa ubanta ya zaɓi ruwan ne da gangan, kuma kawunta ba kan barewa yake so ba. Rigimar yake buƙata don ya ɓuya a bayanta, ita kuma ta ɗauke masa ita.