Turmin Makarantar Malam Sammani

Makarantar allon Malam Sammani da ke Wagini ba ta da sanƙira, ba ta da ɗan aike. Turmin gwaggonsa Uwani, mai yi wa yara fura, shi ne bakinta. Duk ranar da yaro ya sauke, sai ta zuba gero ta hau lugude, tana cilla taɓarya sama tana tafi. Iyaye su jiyo daga gonaki, su ajiye kayan aiki su taho shan addu'a.

Ranar da mahara suka sauko daga arewa kaka ce, da hantsi, gari duk yana gona. Malam ya fito da allo a hannu, bai ƙarasa sallama ba mashi ya shige ƙirjinsa. Suka ɗaure yaran wuya da wuya da igiyar rijiya. Suka fasa rumbu, har geron da ke cikin turmi suka kwashe wa dawakinsu.

Babbansu, wani mai tabon sara a goshi, ya tsaya kan Uwani.

"Iya, an ce turminki ke kiran gari. Kira mana iyayen, su zo hannu sake."

"Ban iya ba, ɗan nan."

Bai yi musu ba. Ya fisgo Indo, 'yar maƙwabciyarta Hansai, ya yanke mata kunne ɗaya ya jefar gaban kaji. Yarinyar ta ƙwala ihu, Uwani ta miƙe. Ta ɗauki taɓarya ta leƙa turmin. Ko ƙwaya babu. Ta dubi mazan, mutanen da ba su taɓa daka ko barkono ba, ta gyara tsayuwa.

Ta buga. Itace ya haɗu da itace, zafin ya hau mata har kafaɗa. Ƙarar ta fita busasshiya, babu taushin hatsi a cikinta. Ta cilla, ta tafa, ta cafe.

"Kai, tsohuwa da sauran mai a jika!" in ji wani, suka kwashe da dariya.

Tafukanta suka fashe, jini ya bi taɓarya. Turmin ya tsage, ba ta tsaya ba. Hanya kuwa fayau, ba mai zuwa. Mai tabo ya fara waige-waige.

Kibiya ta farko daga cikin dawar bayan danga ta fito, ta soke mai dariyar a maƙogwaro. Sai ga maza da gatura da lauje, mata da muciya. Mai tabo ya gane, ya kai wa Uwani sara, takobi ya buɗe mata dantse har ƙashi. Da ɗaya hannun ta sauke masa taɓarya a tsakar ka, ya durƙushe, Uwaisu mijin Hansai ya ƙarasa shi da gatari. Sauran suka haye dawaki suka bar yaran.

Hansai ta yanke igiya, ta rungume Indo tana toshe jinin da zanenta.

"Inna, tun bugun farko na ce da Uwaisu ɗauko kwarinka. Wace mahaukaciya ke lugude a turmi ba hatsi?"

Uwani ta juya kai. Tana kallon inda aka lulluɓe Malam da buzunsa.

"Ɗaure mini hannun nan," ta ce. "Ki aro turmi ki buga. Maƙwabtanmu na Yasore ba su ji an yi rashi ba."