Bello Rago Ne

Shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Ikko zuwa Abuja, ajin Malam Muktar ya tashi daga yara talatin zuwa tamanin da ɗoriya. 'Ya'yan ma'aikata ne daga ko'ina, kowa da yarensa, Hausar ma tsintarta suke yi a bakin titi. Lissafi yake koyarwa, kuma abu ɗaya ya gagare su: in aka haɗa musu baka biyu, rabawa, ninkawa, tarawa da ɗebewa a layi guda, ba su san wanda ake fara yi ba.

Ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Ranar nan yana karyawa da sauran tuwon jiya, dabara ta faɗo masa. Ya ɗauki harafin farko na kowanne ya ƙulla magana, ya rubuta a allo: Bello rago ne, tuwon ɗumame!

Ba wani Bello a ransa. Sunan dai ya fara da harafin da yake nema.

Kafin sati biyu yara sun haddace, har da buga benci. Lissafin da ke sa su kuka ya koma wasa.

Sai aka turo sabon hedimasta, mutum mai jiki, wanda ake kawo wa kwanon abinci ofis tun ƙarfe goma. Sunansa Alhaji Bello.

Yana zagayen farko ya leƙa ajin, ya ce a nuna masa abin da aka iya. Malam Muktar na ƙifta ido, yana girgiza kai, amma baki tamanin suka ɗauka gaba ɗaya.

A ofis Alhaji Bello ya tura kwanonsa ƙarƙashin tebur da ƙafa.

"Malam, wane ne rago?"

"Ranka ya daɗe, ragon layya nake nufi."

"Ragon layyar ne ke cin ɗumame?"

Malam Muktar ya warware masa komai, harafi bayan harafi. Alhaji Bello ya koma ajin da kansa, ya rubuta lissafi mai wuya. Yara suka zage shi da haddar tasu a hankali cikin leɓe, suka kawo amsa daidai.

"Dabarar ta yi," in ji shi. "Amma a cire sunana. A sa Baba."

Kwana uku aka yi. Ran Alhamis da safe iyaye maza goma sha ɗaya suka tsaya a bakin ofis. Wani direba mai suna Labaran ne a gaba, riƙe da hannun 'yarsa.

"Oga, ina cin abinci a gidana, yarinya ta kalle ni ta ce Baba rago ne. Na tambaya, wai hedimasta ne ya ce a faɗa!"

Alhaji Bello ya dubi iyayen, ya dubi Malam Muktar da ke faman danne dariya da littafin rajista. Ya share gumi da hularsa.

"Malam, je ka mayar da sunana. Amma don Allah, ban da buga benci."